Makarantar Koyon Tseren Babur Marar Birki a Polan: Abin da Take Ba Yaro da Abin da Take Nema Wurin Iyaye

Kusan kowane babban kulob na tseren sipidiwe, wato tseren babur marar birki, a ƙasar Polan yana da makarantar renon yara mahaya, kuma a kan ɗaya daga cikin waɗannan makarantu, wadda take wani gari a yammacin ƙasar, nake wannan sharhi, a matsayina na uba wanda ɗansa yake cikin ɗalibanta. Ba zan kama sunan kulob ɗin ba, saboda 'ya'yan mutane ne a ciki, kuma saboda yawancin abin da zan yaba da abin da zan kushe ba halin kulob ɗaya ba ne, tsarin gasar ƙasar baki ɗaya ne ya haife su. Ra'ayina shi ne, a matakin ƙananan babura wannan hidima ce mai kyau ƙwarai, wadda da wuya a sami irinta a wata ƙasa cikin wannan sauƙin kuɗi. Amma daga ranar da aka fara maganar ɗora yaro a kan babur mai ƙarfi, buƙatar kulob da maslahar yaro sukan fara raba hanya, kuma a nan babu mai tsaya wa yaron in ba iyayensa ba.

Wanda bai san wasan ba yana buƙatar ɗan bayani kafin ya gane abin da ake koyarwa. Mahaya huɗu ne suke jeruwa a bakin layi, su zagaya fili sau huɗu, kullum hagu suke karkata, kuma cikin kimanin minti ɗaya an gama. Na ɗaya ya sami maki 3, na biyu 2, na uku 1, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Tsawon zagaye ɗaya bisa ƙa'idar hukumar tseren babura ta duniya, FIM, yana tsakanin mita 260 da 425, kuma daɓen filin ba kwalta ba ce, dakakken dutse ne da aka cakuɗa da yumɓu, ana yayyafa masa ruwa ana baje shi da tarakta tsakanin tsere da tsere. Babur ɗin manya yana da inji mai cc 500 da silinda ɗaya, man metanol yake sha maimakon fetur, giyarsa ɗaya ce tak, nauyinsa ba ya gaza kilo 77, kuma ba shi da birki ko kaɗan, alhali yakan wuce kilomita 100 a sa'a kafin ya isa kwana. A Polan wannan wasa yana cika filaye a garuruwa irin su Leszno da Gorzów da Toruń da Zielona Góra da Lublin, kuma babbar gasarsu mai kulob 8, PGE Ekstraliga, ita ce mafi ƙarfi da mafi tsoka a duniya, shi ya sa gwanayen Denmak da Ostareliya da Birtaniya da Suwidin duk a nan suke neman abincinsu.

Shiga makarantar ba ta da wahala. An nemi takardar amincewar iyaye biyu, da shaidar gwajin likitan wasanni, da inshorar haɗari. Abin da ake karɓa a hannun iyaye a wannan mataki kaɗan ne idan aka dubi abin da ake bayarwa, domin kulob ne yake kawo babur da mai da bakanike, har ma da aron rigar kariya da takalma ga wanda bai saya ba tukuna. Ana horon ne a wani ƙaramin fili da ke gefen babban filin wasa, a kan babura waɗanda injinsu bai wuce cc 140 ba. Shawarata ga iyaye ita ce su karɓi aron komai amma ban da hular kwano da makarin baya. Hular aro ba a san sau nawa ta bugi ƙasa ba, kuma hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi tana iya zama lafiya lau a ido alhali cikinta ya riga ya mutu.

Inda makarantar ta fi cancantar yabo shi ne koyarwar kanta, kuma a nan zan ɗan daɗe. Mai horar da yaran wani tsohon mahayi ne da ya yi shekaru yana tsere a ƙananan gasanni, mutum mai ƙarancin magana da yawan lura. A makonnin farko ba ya barin yaro ya yi tsere da kowa. Shi kaɗai yake zagayawa, a hankali, har sai zamansa a kan babur ya daidaita: gwiwar hannu a ɗage, ido a kan mafitar kwana maimakon tayar gaba, nauyin jiki a gaba lokacin shiga, ya koma baya lokacin fita. Dalilin wannan jinkiri yana cikin yadda babur ɗin yake shan kwana. Tun da babu birki, tayar baya ce take rage gudu kuma ita take juya babur. Mahayi yakan ƙara totur har tayar ta fi ƙarfin riƙon ƙasa ta zame waje, sai ya karkata kan babur dama alhali hagu ya nufa, ya miƙa ƙafar hagu gaba, ƙarfen da aka ɗaura a tafin takalminsa yana gogar ƙasa. Wannan zamiya ita ce birkinsa. Matsalar ita ce duk yaron da ya ji babur ya fara zamewa a ƙarƙashinsa, abin da jikinsa zai ba shi shi ne ya saki totur, kuma wannan ne mafi haɗarin abin da zai yi, domin da zarar ya saki, tayar baya ta kama ƙasa, babur ya miƙe ya nufi shinge kai tsaye. Aikin mai horarwa a shekarar farko kusan duk a kan wannan yake: ya sa hannun yaro ya riƙe totur a daidai lokacin da zuciyarsa take ce masa ya saki. Ba da tsawa yake yin haka ba. Yakan jera robobin alama a cikin kwana, ya tsaya a tsakiyar fili yana nuni da hannu, yau ya matsar da roba ɗaya taku biyu, gobe ya sake matsarwa, har yaro ya wayi gari yana zamiya ba tare da ya san ranar da ya fara ba.

Abu na biyu da ya kwantar mini da hankali shi ne ana koyar da faɗuwa kamar yadda ake koyar da tuƙi. Idan wanda yake gabanka ya faɗi, kuma ba ka da birki, mafitar da ta rage sau da yawa ita ce ka kwantar da naka babur da gangan, ka zame da shi a ƙasa don kada ka taka ɗan'uwanka. Ana sa yaran su maimaita wannan a ƙaramin gudu har ya zama musu jiki, kuma ana koya musu cewa wanda ya faɗi bai ji ciwo ba ya tashi nan take ya janye babur daga hanya, wanda kuwa ya ji ciwo ya kwanta inda yake, kada kowa ya taɓa masa hula sai ma'aikacin lafiya. Na ga mai horarwar ya dakatar da wani yaro mai gudu sosai daga horon yini guda saboda ya ratsa ta gefen wanda ya faɗi maimakon ya kwantar, kuma tun daga ranar na yarda da shi.

Tashi daga layi ma darasi ne mai zaman kansa, domin a wannan wasa wanda ya riga kowa isa kwanar farko yakan ci tseren, musamman idan fili ya bushe ya yi tauri. Yaro yana riƙe da kuloci, inji yana kuka, idonsa a kan sandar gefe inda abin sakin igiyar tashi yake, wato igiyar da ake gittawa a gaban mahaya a bakin layi, ba a kan igiyar kanta ba. Wanda ya taɓa igiya kafin ta tashi an fitar da shi daga wannan tseren. A nan ake gane yaro mai natsuwa, kuma ba kullum ne mai ƙarfin hali a kwana yake zama mai natsuwa a layi ba.

Bayan an sauka daga babur aiki bai ƙare ba. Kowane yaro shi zai wanke wanda ya hau, ya goge sarƙa ya sa mata mai, ya tsabtace matatar iska, ya kwance faifan kuloci ya goge su, bakanike yana tsaye yana duba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda yaron gareji yake fara koyon aiki a Kano, da wankin sifana da miƙa wa maigida kayan aiki kafin a bar shi ya taɓa inji, zai gane hikimar wannan. Manyan ɗalibai kuma ana nuna musu yadda ake canja faifan haƙoran da sarƙa take bi a tayar baya gwargwadon tsawon fili da laushin ƙasa, da yadda matsar da tayar gaba ko baya take canja riƙon babur. Mahayin da bai iya gaya wa bakanikensa abin da babur yake yi a ƙarƙashinsa ba, ba zai yi nisa ba ko da ya fi kowa zuciya, kuma makarantar ta gane haka.

Game da tsaro, ban ga sakaci ba. Ba a tayar da inji sai motar asibiti ta iso ta tsaya, ko da kuwa iyaye sun yi tafiya mai nisa kuma rana tana faɗuwa. A babban fili an jera shingen da ake hura wa iska a duk kwanonin, kuma kowane mahayi yana da igiya ɗaure a wuyan hannunsa wadda take kashe inji da zarar ya rabu da babur, mai horarwar kuwa da hannunsa yake jan ta ya tabbatar kafin yaro ya fita. Duk da haka ba zan yaudari kowa ba, wannan wasa yana kashewa kuma yana nakasawa. A watan Mayu na 2016 Krystian Rempała, ɗan shekara 18, ya rasu bayan haɗarin da ya yi a wasan lig a Rybnik. A watan Agusta na 2015 Darcy Ward na Ostareliya, wanda ya ci kambun duniya na 'yan ƙasa da shekara 21 sau biyu, ya sami rauni a laka a Zielona Góra, bai sake tafiya da ƙafarsa ba. Na so a ce makarantar tana zaunar da sababbin iyaye ta gaya musu waɗannan abubuwa ƙarara tun ranar farko, maimakon ta bar su su tsinta a bakin sauran iyaye a gefen fili. Uban da zai sa hannu a takarda ya kamata ya san nauyin abin da ya sa wa hannu.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya sa kulob yake kashe dukiyarsa a kan yaran da ba su kawo masa ko sisi. Amsar tana cikin dokar gasar, kuma sai an gane ta sannan a gane kyawun makarantar da aibinta. A kowane wasan Ekstraliga dole kowane kulob ya fito da matasa biyu 'yan ƙasa waɗanda ba su wuce shekara 21 ba, masu lamba 6 da 7 a wajen baƙi, 14 da 15 a wajen masu gida. Tsere na biyu cikin 15 na wasan nasu ne su kaɗai, sannan su kara da manya a wasu tseren. A wasan da jimillar makinsa 90 ne, wanda sau da yawa tazarar maki biyu ko huɗu take raba gardama, kulob mai matasa nagari ya riga ya ci rabin yaƙi. Bayan wannan kuma hukumar gasar tana wajabta wa kulob renon yara, tana cin tarar wanda ya gaza. Ke nan yaro a Polan kadara ce da ake nema, kuma yana da gurbin da doka ta tanadar masa a gaban dubban 'yan kallo tun yana ɗan shekara 16 ko 17.

Sakamakon wannan tsari a bayyane yake. Ƙungiyar Unia Leszno ta ci gasar ƙasar sau huɗu a jere daga 2017 zuwa 2020, kuma cikin ginshiƙanta akwai Piotr Pawlicki da Bartosz Smektała da Dominik Kubera, dukkansu renon gida ne, daga makarantar da Roman Jankowski ya daɗe yana jagoranta. Bartosz Zmarzlik ya fara ne a ƙaramin filin Wawrów kusa da Gorzów, ya zo na uku a gasar Grand Prix ta Gorzów, ɗaya daga cikin wasannin neman kambun duniya na manya, a 2012 yana ɗan shekara 17, ya ci kambun matasa na duniya a 2015, ya ci na manya a 2019 da 2020, sannan ya jera daga 2022 zuwa 2025, ya kamo Ivan Mauger da Tony Rickardsson masu kambu shida shida. Daga 2011 zuwa 2024 an yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 21 sau 14, 'yan Polan suka ci 11. A cikin gida ma matashi ba ya rasa inda zai gwada kansa, domin akwai gasar hular tagulla ta 'yan ƙasa da 19, da ta hular azurfa ta 'yan ƙasa da 21, da gasannin matasa na ɗaiɗaiku da na ƙungiya.

To amma dokar da ta mai da yaro kadara ita ce kuma take sa a dube shi da idon ciniki, kuma daga nan ƙorafina yake farawa. Na farko, lokacin hawa bai isa ba. Kakar wasa daga Afrilu take zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, ruwan sama kaɗan yakan lalata fili, kuma idan babbar ƙungiya tana da wasa a ƙarshen mako, ma'aikatan fili da tarakta da bakanikai duk can hankalinsu yake komawa. Horon yara shi ake fara sokewa, sau da yawa da saƙon waya na ƙurarren lokaci, bayan uba ya riga ya nemi izini a wurin aiki. Ko a ranar da aka yi horon, yara sun yi wa mai horarwa ɗaya yawa, baburan kulob kuma ba su kai yawan ɗalibai ba, sai yaro ya yi awa biyu a fili amma abin da ya yi a kan babur bai taka kara ya karya ba.

Na biyu, kulawa ba ta rabuwa daidai. A kowane rukuni akwai yara biyu ko uku da shugabannin kulob suka sa wa ido, su ake ba babur mafi lafiya, su ake kaiwa gasa a wasu garuruwa. Yawancinsu 'ya'yan tsofaffin mahaya ne ko na bakanikai, waɗanda suka zo da nasu babur da motar ɗaukar kaya da uban da ya san kowa. Wannan ba abin mamaki ba ne a wasan da gado ya yi wa yawa: 'yan'uwan nan Przemysław da Piotr Pawlicki ubansu mahayi ne, haka Maksym Drabik, haka Mateusz Cierniak. Ba na ganin laifin waɗannan yara, da yawansu sun cancanci abin da ake ba su, kuma mai horarwar da kansa yana ƙoƙarin yin adalci gwargwadon abin da aka ba shi. Amma yaron da ya zo daga gidan da ba a san wasan ba yana buƙatar ƙarin bayani ne, ba ragi ba, kuma makarantar ba ta da wani tsari na cike wannan giɓi. Abin da uba irina ya sani game da saye da gyara, a bakin sauran iyaye ya koya, waɗanda, in faɗi gaskiya, ba su taɓa yi mana rowar sani ba. 'Yan mata kuwa ƙalilan ne, ko da yake Celina Liebmann ta Jamus ta nuna akwai hanya tun da ta shiga gasar matasa ta duniya a Prag a 2022.

Na uku shi ne kuɗi, wanda yake shigowa a hankali har mutum ya nutse bai ankara ba. Daga ƙaramin aji ana hawa zuwa babur mai cc 250 a wajen shekara 13, wanda girmansa ɗaya da na manya kuma a babban fili ake hawansa, daga nan sai mai cc 500 a shekara 15 zuwa 16. A wannan mataki kayan kulob ba su isa a yi gogayya da su, domin injin da yara da yawa suka yi ta murzawa ba zai kamo wanda aka gyara wa mutum ɗaya ba. Yawancin injinan da ake tsere da su na kamfanin GM ne na Italiya ko Jawa na ƙasar Cek, amma sayen inji somin taɓi ne, domin sai an kai shi wurin ƙwararren mai gyara ya ƙara masa kaifi, kuma bayan wasu 'yan tsere sai an mayar an sake buɗewa. Tayar baya ba ta daɗewa gefenta ya cinye a juya ta, ɗaya gefen ma ya cinye a jefar. Baƙin mai ana canja shi a kai a kai, mahayi mai neman ci gaba yana buƙatar babur biyu aƙalla, da mota, da wanda zai riƙa bin sa yana gyara. Kulob yana ɗauke wa zaɓaɓɓunsa wani kaso, sauran kuwa iyaye ne da 'yan kasuwar gari masu tallafi. Na ga iyalan da suka bar wasan a wannan gaɓa ba don yaron ya kasa ba. Da makarantar tana rubuta wa iyaye kiyasin abin da kowane mataki zai ci tun da wuri, da an rage wannan baƙin ciki.

Wanda ya fi damuna shi ne gaggawa. Tun da ana auna kulob da yawan yaran da ya kai ga cin jarrabawar lasisin shiga gasa, kuma kowace shekara gurbin matasa yana buƙatar sabon jini, akwai matsin lamba a ɗaga yaro zuwa aji na gaba da zarar shekarunsa sun kai, ko da jikinsa da hankalinsa ba su kai ba. Yara ba sa girma tare. Wani ɗan shekara 13 ya riga ya yi ƙwanji, wani kuwa har yanzu hannunsa bai iya riƙe babur mai nauyi zagaye huɗu ba tare da ya saki jiki a na ƙarshe ba, kuma a zagayen ƙarshe ake yawan faɗuwa. Sannan ko yaro ya bi duk matakan, babu tabbacin gurbin nasa ne, domin kulob mai kuɗi yana iya ɗauko matashin da wani ya rena. Motor Lublin ta ɗauki Cierniak daga Tarnów a 2021, ta ɗauki Wiktor Przyjemski daga Bydgoszcz a 2024, dukkansu kuma sun ci kambun matasa na duniya suna sanye da rigarta. Wannan halal ne a dokar wasan, amma ma'anarsa ga ɗalibin makaranta ita ce rana ɗaya ana iya sayo wanda zai zauna a kujerarsa.

Sai kuma ramin da yake jiran kowa a shekara 22. Daga ƙarshen kakar da mahayi ya cika 21 kariyar doka ta ƙare, sai ya nemi gurbi cikin manya, inda zai yi takara da gwanayen duniya. Hukumar gasar ta ga wannan matsala, ta ƙara gurbin ɗan ƙasa da shekara 24 a kowace ƙungiya daga 2021, ta kuma buɗe gasar 'yan ƙasa da 24 a 2022. Matakai ne masu amfani, sai dai gurbin na 'yan 24 baƙo ma yana iya cike shi, kuma gurbi ɗaya ne ga matasa da yawa. Da yawa sukan gangara ƙananan gasanni, wasu su ajiye hula gaba ɗaya, a shekarun da tsaransu suke kammala jami'a ko sun riga sun ƙware a sana'a. Saboda haka ne nake ganin babban giɓin wannan makaranta shi ne rashin damuwa da karatun boko. Ba a taɓa neman ganin sakamakon jarrabawar ɗana ba, kuma gasannin matasa sukan faɗo a tsakiyar mako. Kulob ɗin da yake iya hana yaro hawa saboda bai wanke babur ba, yana iya hana shi saboda ya faɗi lissafi, kuma na tabbata yaran za su ji wannan magana fiye da ta iyayensu.

Duk da waɗannan, idan aka dubi wasu ƙasashe za a ga iyaye a Polan suna cikin gata. A Birtaniya, inda wasan ya kafu tun 1928, filaye ne suke rufewa: Coventry bayan kakar 2016, Swindon ba ta sake tsere ba bayan 2019, Wolverhampton da Peterborough a ƙarshen 2023. An shigo da tsarin ware gurbi ga matasa masu tasowa a 2021, amma yaron da ba shi da fili kusa da gida sai ubansa ya yi ta tuƙi da shi, kuma kusan komai daga aljihunsa. Denmak ce nake ganin ta fi kowa iya matakin farko, domin tana fara yara a kan babura masu cc 50 sannan 85, kuma Erik Gundersen, wanda ya ci kambun duniya sau uku kafin mummunan haɗarinsa na 1989, ya ba da shekaru masu yawa wajen horar da su. A matakin duniya kuma, tun 2022 an jera gasannin matasa hawa hawa, SGP2 ta 'yan ƙasa da 21 da SGP3 ta masu cc 250, aka ƙara SGP4 a 2023 a kan babur mai cc 190 wanda Rickardsson ya jagoranci ƙera shi domin 'yan shekara 11 zuwa 13. Manufar ita ce kowa ya hau iri ɗaya, gwaninta ta raba gardama maimakon aljihun uba, kuma wannan tunani ne da nake fatan makarantun Polan su ɗauka da gaske a dukkan ƙananan azuzuwansu.

Da hunturu, lokacin da fili ya daskare, horon yakan koma ɗakin motsa jiki, da gudu, da keke, da ninkaya, kuma akwai sansanin 'yan kwanaki da ake kai yaran. Ga iyaye Musulmi, a yi maganar abinci tun kafin tafiya, domin naman alade yana cikin yawancin girkin ƙasar, har a miyar da ba a zata ba. Mun faɗa sau ɗaya aka kiyaye, ba tare da wani ɓacin rai ba. Takardu da saƙonni duk da harshen ƙasar ake yin su, don haka wanda bai iya ba ya nemi mai fassara masa, musamman idan aka zo kan kwantiragi.

Ɗana ya kai shekarun hawa mai cc 250, kuma an yi mana tayin hakan, amma na roƙi a bar shi a ƙaramin aji kaka ɗaya nan gaba. Mai horarwar ya goyi bayana, ko da yake na lura ba haka wasu a ofishin kulob suka so ba. Kafin mu sa hannu a kowace takarda ta mataki na gaba, na nemi a ba ni amsa a rubuce a kan wanda zai mallaki injin da wanda zai biya gyaransa, da abin da inshorar take ɗauka idan rauni ya wuce na kwana biyu a asibiti, da shekarun da kwantiragin zai ɗaure yaron, da abin da za a nema a hannunmu idan ya ce ya fasa ko yana son komawa wani kulob. An amsa biyu na farko, ana kan duba sauran, kuma ba zan sa hannu ba sai sun cika.